Baba ya ce burodin konbif ɗina ba irin na Mma ba ne

Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, kuma ni nake kula da mahaifinmu tun da Allah ya yi wa Mma rasuwa bara. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana jigilar goro da kaya tsakanin Kumasi da Bolga da Bawku. Yanzu ya haura saba'in, yana shan maganin hawan jini, abinci kuma sai an yi da gaske yake ci. Abu ɗaya yake yawan ambata: burodi da soyayyen konbif, wato naman sa na gwangwani, da Mma take haɗa masa da asuba in zai kama hanya. Na sha yi masa. Nakan sayi gwangwani mai tsada, in juye rabi a kasko, in sa tumatir da koren tattasai da karas da magi, in fasa ƙwai biyu, in shafa mayonis a sabon burodi mai bota. Sai ya gutsura sau ɗaya ya ce, "Allah ya yi miki albarka, amma ba shi ba ne," ya ture faranti. Yayana da ke Nima a Accra kuma kullum sai ya turo saƙon murya yana faɗa, wai zan kashe Baba da gishiri, wai ma wa ya san ko naman halal ne. Ran nan har ɗaki na shiga na yi kuka. In daina ne, ko akwai inda nake kuskurewa?

'Yar Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Mma, ya sa Aljanna ce makomarta, ke kuma ya ba ki masu yi miki. Kada ki daina. Amma ki rage hannu, domin abin da na gani a wasiƙarki shi ne kin yi wa burodin nan gata har ya fita daga kamanninsa. Rabin gwangwani, ƙwai biyu, karas, mayonis, duk don ki faranta wa tsohonki ne, na sani. Sai dai da wuya a ce Mma ta taɓa samun sararin yin irin wannan facaka.

Ki lissafa lokacin da Baba yake ganiyar tuƙinsa. Wanda ya haura saba'in yau, saurayi ne ko sabon ango a ƙarshen shekarun 1970, zamanin kalabule, lokacin da madarar gwangwani da sukari da sabulu da sadin da konbif suka zama kayan da sai an bi layi, ko ka san wani a kanti, ko ka saya ta bayan fage da ninkin kuɗi. A 1979 har rushe kasuwar Makola sojoji suka yi a Accra, bisa zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya. Ba a gama farfaɗowa ba 1983 ta zo da fari da gobarar daji da ta lashe gonaki, ga kuma 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya da gwamnatin Shehu Shagari ta koro daga Najeriya a farkon shekarar, kowa ya dawo da bakinsa. Ki tambayi kowace tsohuwa a Asawase ko Sabon Zongo, za ta ba ki labari har ki gaji. Matar da Allah ya ba gwangwani ɗaya a irin wannan lokaci ba ta juye rabinsa a burodin mutum ɗaya, ko da maigida ne. Cokali biyu take ɗiba, sauran ya shiga miyar gida, yara ma su ji ƙamshi. Abin da yake cika burodin albasa ce da maiƙon naman da ɗan barkono. To ɗanɗanon da ya zauna a bakin Baba ke nan: burodin da ya sha maiƙo, albasar da gefenta ya yi duhu, da nama ɗan kaɗan mai ɓawon suya, wanda harshe yake cin karo da shi jefi-jefi. Ke kuwa kin miƙa masa miyar ƙwai da nama a cikin burodi. Tana iya fin ta Mma tsada da kyan gani, amma ba ita ya tambaya ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinki, gara ki sani don ki huta. A Zuarungu, gab da Bolgatanga, akwai masana'antar nama da aka gina zamanin Kwame Nkrumah cikin shekarun 1960, wadda take yin konbif mai suna Volta. Ta daina aiki cikin shekarun 1990. Direban da hanyarsa ta Bolga ce, ba abin mamaki ba ne in irinsa yake shigowa da shi gida. Na kantunan yau, su Exeter da sauransu, daga ƙetare ake kawo su, kuma galibin konbif na gwangwani daga Kudancin Amurka yake fitowa, musamman Brazil. Saniyar daban, kitsen daban, hannun gishirin daban. In Volta Baba yake tunawa, ko kin zagaye kasuwar Kejetia rumfa-rumfa ba za ki samo shi ba. Abin da ya rage a hannunki shi ne suyar, kuma ita ce ta fi yawa a cikin ɗanɗanon.

Kafin ki ɗora kasko, ki tabbatar da irin naman. Na gwangwani iri biyu ne da tsofaffi kan haɗa su a suna ɗaya. Akwai konbif na ainihi, mai zare-zare, a gwangwani mai kusurwa huɗu wanda gefe ɗaya ya fi faɗi don naman ya zamo a dunƙule, da ɗan makullinsa a maƙale. Shi ne guzurin sojan Ingila a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma kakanninmu da aka kai Burma cikin rundunar Gold Coast, waɗanda barikin Burma Camp na Accra ya samo suna daga yaƙinsu, sun san shi sarai. Akwai kuma ɗayan, niƙaƙƙe lukui, mai ruwan hoda, irin su Zwan, wanda yake yankuwa sumul kamar sabulun wanki. Ki tambayi Baba: na Mma warwarewa yake yi a baki, ko yanka-yanka ne? Na fi zaton na farkon ne, don haka da shi zan fara.

Tun da dare ki sa gwangwanin a firji. Kitsen zai daskare, da safe naman ya fito a haɗe ya yanku. In da ɗuminsa kika buɗe, tun a bakin wuƙa zai dagargaje. Ki yanki fale biyu marasa kauri. Ki ajiye kaskon nan mara kamu da kike ji da shi, ki nemo tsoho mai nauyi, in na Mma yana nan cikin kayanta to shi ɗin. Gawayi a kurfoti, murhun ƙarfen nan, ya fi, amma gas ma ya yi, muddin kin bar kaskon ya ɗauki zafi sosai kafin komai ya taɓa shi. Ki yarfa ɗigon ruwa, in ya yi tsalle ya ɓace nan take, ya kai. Mai kuwa bai wuce ɗan Blue Band a bakin cokali ba, domin naman da kitsensa ya zo. Ki shimfiɗa yankan, ki danna da bayan cokali ya baje, sannan ki janye hannunki. A nan ake ɓata shi, wajen juye-juye. Ki ƙyale shi minti biyu zuwa uku. Da kunnenki za ki ji sautin ya sauya, cuwwar ruwa ta lafa, ƙas-ƙas ɗin suya ya fara. Gefen zai yi ja mai duhu, warin gwangwani ya tafi, ƙamshin ya koma kusa da na tsire. Sai ki kankaro shi da ɓawonsa ki juya, ki ba ɗaya gefen minti ɗaya. In ya karye ba komai, cikin burodi za shi.

Dalilin da ya sa naki ba ya yin wannan ɓawon ba ɓoyayye ba ne. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin da shi a kasko zafin naman ba ya wuce nan, alhali launin suya da ƙamshinta ba sa kankama sai wajen digiri 140 zuwa sama. Tumatir da tattasai da karas duk ruwa suke saki. Kin cika kasko da su, ga rabin gwangwani a kai, sai ya zama dahuwa kike yi kina ganin suya ce.

Da kin kwashe naman, kada ki wanke kaskon, kada ki goge. Ki zuba yankakkiyar jar albasa cikin maiƙon da ya rage, irin ta Bawku ko ta Nijar mai yaji a ido, da yawa fiye da yadda ranki yake so, tare da ɗan attarugu ko garin barkono gwargwadon yadda cikin Baba yake ɗauka. Ba magi, ba gishiri, ko ƙwaya. Ki bar ta ta yi laushi, bakinta ya fara ƙuna. Burodin kuma ki canza. Mai bota sabo, in kika danna shi ƙullu yake komawa; mai sukari kuwa saurin ƙonewa gare shi, zaƙinsa kuma yana danne naman. Ki nemi dogon burodin shayi, na jiya ma ya fi, don ya ɗan sha iska yana da wurin shan maiƙo. Ki tsaga shi a tsaye, ki kifa cikinsa a kaskon ya share abin da ya saura, ki jera nama da albasa, ki rufe, ki mayar kan wuta ki danna da gindin kofi, gefe da gefe, yadda masu shayi suke yi wa cibom, burodin nan mai soyayyen ƙwai. Mayonis ki bar wa yaranki. Ƙwai da shito, baƙin yajin nan mai mai, kuwa sai in Baba ya ce Mma tana sawa. In tana sa ƙwai, guda ɗaya ne, a marmasa naman a ciki a kaɗa a soya fale ɗaya. Shito ki yi hankali da shi, kifi da jatan lande da ke ciki suna rufe duk wani ɗanɗano, ga gishiri.

In kuma ya ce mai yankuwa sumul ne, aikin ya fi sauƙi: yanka siriri, ɗan tsaga gefensa da wuƙa wuri uku ko huɗu don kada ya kumbura ya tashi daga kasko, a soya ba mai har ya yi ja. Haka mutanen Amurka suke yi da nasu naman da suke kira bolona, a farin burodi, abincin gidajen marasa ƙarfi ne da 'yan makaranta, kuma su ma in sun girma sun yi kuɗi sai ki ga suna neman sa ido rufe.

Saura abu ɗaya a girkin, kuma ina zaton shi ya fi ɓace miki, ga shi kuwa da hannunki kika rubuta. Kin ce da asuba Mma take haɗa masa in zai kama hanya. Ashe ke nan ba a faranti ya san shi ba. A takarda ake naɗe masa, ya ajiye a gaban mota, sai ya wuce Offinso, wataƙila sai Techiman ko ma Kintampo, kafin ya warware. Kafin nan tururi ya ratsa burodin, maiƙo ya shiga ko'ina, albasa ta saki ƙamshinta, komai ya zama abu ɗaya. Wanda aka sauke yanzu-yanzu daga wuta ba haka yake ba. Don haka in kin gama ki naɗe shi tam a farar takarda mai tsabta, ban da jarida saboda tawada, ki bar shi minti goma zuwa sha biyar. Kada ki kwaikwayi sa'o'in hanyar Kintampo, nama a zafin garin nan ba ya son ya wuce awa ɗaya ko biyu a waje, cikin dattijo kuma ba na saurayin direba ba ne. Ki miƙa masa a hannu a naɗensa, bayan ya dawo daga masallaci, da shayinsa a babban kofi, shi ya warware da kansa.

Ki kuma daina tambayarsa ko ya yi daɗi. Uba ba ya zama ya yi wa 'yarsa lissafin abin da ta rage a girki, kunya ba za ta bar shi ba, shi ya sa yake taƙaitawa da "ba shi ba ne." Ki bi ta hanyar mota. "Baba, in kun tashi daga nan, a ina kuke fara tsayawa ku karya?" "Da yaron mota kuke rabawa?" "A me Mma take naɗe muku?" Tsohon direba in aka taɓo masa hanya ba ya shiru, kuma a cikin labarin za ki tsinci ko da ƙwai, ko da yaji, ko wane burodi. Ki sa masa kujera kusa da kurfoti ranar da za ki soya, hancinsa zai gaya miki lokacin juyawa kafin bakinsa. In Mma tana da ƙanwa ko aminiya a unguwa, ki kai mata gaisuwa ki tambaye ta. Matan gida ɗaya sun san hannun juna.

Duk da haka yana iya cewa ba shi ba ne. Jin ƙamshi da ɗanɗano suna raguwa da shekaru, wasu magungunan hawan jini ma suna sauya ɗanɗanon baki, har mutum ya ji kamar ƙarfe a harshensa. Sannan mutumin da ya rasa matar da ta tashi da asuba shekara da shekaru tana haɗa masa guzuri, in ya ce ba shi ba ne, ba girkinki kaɗai yake nufi ba. Ki lura da albarka yake fara sa miki kafin ya faɗa. Ki amsa da amin, ki duba takardar: in ya cinye, magana ta ƙare, ko me bakinsa ya ce.

Yanzu ga Yayanki. Faɗansa ya yi yawa, amma kada haushi ya hana ki ɗaukar gaskiyar da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai gram 5. Konbif yakan ɗauki wajen gram 2 na gishiri a kowane gram 100, wani ma ya fi, yana nan a rubuce a jikin gwangwani. Babban gwangwani gram 340 ne. Rabin da kike juyewa ke nan ya haura gram 3 shi kaɗai, kafin a zo ga magi, wanda shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, da mayonis da bota da burodin kansa. Kafin hantsi kin cika wa mai hawan jini kason yininsa. Amma in kika raba gwangwanin gida takwas, kowane kaso bai fi gram 40 da 'yan kai ba, gishirinsa bai kai gram 1 ba. Kin ga rowar da ta dawo da ɗanɗanon Mma ita ce kuma ta sauke gishirin. Akwai kuma binciken da hukumar nazarin cutar daji ta duniya ta fitar a 2015, wanda ya sa naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke jawo cutar daji ta hanji, ya ce cin gram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Maganar ta mai ci kullum ce. Sau ɗaya a mako, misali ranar Juma'a, ya wadatar, kuma ranar ki sassauta gishirin miyar rana da ta dare. In kun je asibiti karɓar magani ki faɗa wa likita abin da kike ba shi da yawansa. In Baba yana da matsalar ƙoda ko zuciya bayan hawan jinin, maganar likita ce gaba da tawa. Ki kuma gaya masa batun rashin cin abincin. Dattijon da ya yi rashi, ya daina ci, rigunansa suka fara yi masa yawa, abin dubawa ne da kansa, ba a barin sa a kan burodi.

Batun halal kuwa, tambaya ce mai kyau, kuma karatu ne maganinta. Wasu naman gwangwani alade ne tsantsa: Spam, wanda kamfanin Hormel na Amurka ya fito da shi a 1937, na alade ne, bolonar Amurka ma galibi da shi a ciki. Kamfani ɗaya yana iya yin na kaza da na sa da na alade, gwangwanayen su yi kama, don haka kada ki saya da sabo ko da launi. Ki juya ki karanta jerin abin da ke ciki, ki nemi tambarin halal. Na san za a ce aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, amma malamai sun saɓa kan yankan inji na masana'antun yau, kuma tunda masu tambarin suna nan a kasuwa, me zai kai ki shiga saɓani? In zuciyar gidan ba ta kwanta ba, limamin unguwarku yana kusa. Wajen sayen ki duba ranar lalacewa da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin haɗinsa, ki bar wa mai shi ko kyauta ya ba ki, domin gubar da ke kumbura gwangwani tana kisa. Wanda kika buɗe kuma kada ya kwana a cikin ƙarfensa. Ki yanka kaso takwas ɗin nan take, ki naɗe kowanne daban ki sa a firiza. Wanda aka bari a firji kawai kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa, in kuma dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya yi muku dogon zama har ya narke ya yi ɗumi, zubarwa za ki yi, kada ki ji asara.

Shi kuma Yaya, ki ba shi aiki, mai faɗa daga nesa yawanci rashin abin yi ne yake damunsa, ga kewar uban da ba ya gani. Ki ce masa da ladabi, "Yaya, na ji maganarka, na rage." Sannan ki roƙe shi ya sayo wa Baba na'urar awon jini ta gida, ya kuma riƙa zaɓo gwangwanin da hankalinsa ya kwanta da shi a Accra yana aikowa, tunda guda ɗaya yanzu zai kai ku wata biyu. In bayan wannan ya ci gaba da saƙon murya, ki tuna masa Accra zuwa Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, motoci kuma suna tashi daga tashar Circle ta Accra dare da rana. Ya zo ya kwana biyu, ya raka Baba asibiti ya ji daga bakin likita, ke kuma ki samu ki yi barcin safe.